Hoto A Wajen Koyar Da Cin Abinci: Hukuncinsa Da Amfaninsa

 

Ya kamata mai karatu ya sani cewa tsakaitawa wajen ci da sha umurni ne na addini tun kafin likitoci su yi magana a kai. Aya ta 31 a cikin Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta kuma hana ɓarna. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zargi cika ciki, ya kuma kasa shi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Amma fa sanin hadisi daban, sanin yawan tuwon da ya kai sulusi daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa, wadda ke jawo ciwon sukari da hawan jini.

Saboda haka ne ƙasashe suka koma ga hoto. Suwidin ta fitar da zanen dala na abinci a 1974, Amurka ta fitar da nata a 1992, sa'an nan a 2011 ta musanya shi da hoton faranti: rabinsa ganyaye da 'ya'yan itatuwa, sauran rabin an raba shi tsakanin hatsi da dangin nama da wake. Saudiyya kuwa itacen dabino ta zana, abin da ake buƙata da yawa yana ƙasa, zaƙi da maiƙo suna can sama a ƙananan ganye. Wannan dabara ce mai kyau, domin Balarabe ba ya buƙatar a gaya masa mene ne dabino.

To, mene ne hukuncin irin wannan zane? Mafi yawan malamai sun halatta zana abin da ba shi da rai. Buhari ya ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, sai ya hana shi zana masu rai, ya nuna masa itatuwa da makamantansu. Hoton gero da kuɓewa da ƙwaryar nono duk suna cikin wannan rangwame. Har ma Abdullahi ɗan Mas'ud ya ba da labarin yadda Annabi ya yi zane mai kusurwa huɗu da layuka domin ya fahimtar da sahabbai tsawon burin ɗan Adam da kusancin ajalinsa. Saɓanin yana wajen hoton mutum da dabba, musamman na kyamara, kuma mai koyar da abinci ba safai yake buƙatarsa ba. Hotunan da ake liƙawa na mutum mai tumbi don a yi dariya kuwa, barinsu ya fi, domin Suratul Hujurat ta hana izgili, kuma wanda aka kunyata ba ya dawowa ɗaukar darasi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne hoton ya nuna abincin da mutane ke ci. Farantin Amurka an yi shi ne don wanda ke cin abinci shi kaɗai, alhali a ƙasar Hausa yawanci a kwano ɗaya ake taruwa. Tilas ne malamin Islamiyya ko ma'aikaciyar asibiti su zana kwano biyu: ɗaya da malmalar tuwo uku da miya 'yar kaɗan tana iyo da manja, ɗayan da malmala biyu da miyar alayyafo ko zogale mai yawa da wake a gefe. Ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba za ta gane bambancin nan take. Haka nan a zana kwalbar lemo, a jera cokalin shayi 8 ko 9 na sukari kusa da ita, domin abin da ke cikinta ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta so babba ya ci giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a yini, gishiri kuwa kada ya kai giram 5, watau kimanin cokalin shayi ɗaya. Giram ba ma'aunin kasuwa ba ne, amma kowa ya san cokali da ludayi, don haka su ya kamata a zana.

Sai dai a lura, a gari ɗaya ana samun mai ƙiba da yaro mai tamowa. Hoton da za a kai ƙauye lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kafin kaka, ba na rage tuwo ba ne. Na ƙara gyaɗa da wake da ƙwai ne a cikin abincin yara.