Katantanwar Ruwa da Ciwon Tsargiya

Ciwon tsargiya, watau fitsarin jini, ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum kai tsaye. Ƙwan tsutsar da ke kawo shi yakan fita cikin fitsari ya ƙyanƙyashe a ruwa, 'ya'yan su shiga jikin wata 'yar katantanwa su hayayyafa, sa'an nan su fito su huda fatar mai wanka ko manomin rani. Wani masani ɗan Birtaniya mai suna Leiper ne ya tabbatar da haka a Masar cikin 1915.

Dangin wannan katantanwa masana na kiransa Bulinus. Irinsa ya haura 30, amma ba kowanne ke ɗaukar cutar ba. A da, ɓawo ake dubawa a raɗa suna, alhali kuwa ɓawo mayaudari ne: iri guda kan sāke siffa daga kududdufi zuwa kogi, iri biyu kuma su yi kama kamar an tsaga kara.

Da aka koma ga ƙwayoyin gado sai al'amari ya fara warwarewa. An ƙirga zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, aka tarar truncatus, wadda ke yaɗa tsargiya a Nijeriya da Sudan, tana da 72, 'yar'uwarta tropicus kuwa, wadda ba a san ta da yaɗa ta ga mutum ba, 36 gare ta. Yanzu har karanta jerin gadon ake yi, a gwada na wannan da na waccan.

A tsibirin Unguja na Zanzibar wannan aiki ya nuna amfaninsa. Cutar ta fi ƙamari a arewacin tsibirin, kudu kuwa da sauƙi, ga shi ko'ina akwai katantanwa mai kama ɗaya. Binciken gado ya nuna iri biyu ne: globosus mai ɗaukar cutar a arewa, nasutus a kudu.

Sanin iri ba ƙwalisar masana ba ne. Maganin kashe katantanwa yana da tsada, yana kuma kashe kifi, saboda haka ma'aikatan lafiya na bukatar sanin tafkin da ya cancanci a zuba masa, da ƙauyen da za a fara kai wa 'yan makarantarsa magani.