Adana Irin Kainuwa da Azolla a Gida Daga Kaka Zuwa Damina

Hausawa na cewa kainuwa dashen Allah, domin ba a taɓa ganin wanda ya ɗauki fartanya ya shuka ta ba. Ruwan sama na sauka, kududdufai su cika, bayan 'yan makonni sai a wayi gari ta lulluɓe fuskar ruwa. A ƙasar Zurmi, inda Gulbin Bunsuru ya ratsa, da Ƙaura Namoda a bakin Gulbin Gagare, har zuwa fadamun Shinkafi, haka abin yake kowace shekara. To amma daga watan Nuwamba ruwan nan yakan fara ja da baya, kafin bazara yawancin kududdufan sun zama busasshiyar laka mai tsattsagewa. Darasinmu na wannan fitowa zai duba inda tsirran da ke yawo a kan ruwa suke shiga a wannan lokaci, da yadda manomi ko malamin makaranta zai iya riƙe irinsu a cikin gida har ruwa ya dawo.

Tsirran da ake magana a kansu

Ya kamata mai karatu ya bambance tsiro mai yawo a kan ruwa da tsiron da ke cikin ruwa kawai. Bado, alal misali, ganyensa ne ke kwance a saman ruwa, amma saiwarsa tana kafe a cikin taɓo. Idan tafki ya ƙafe, tushensa na nan a ƙasa yana jiran damina. Kainuwa kuwa, wadda masana kimiyya ke kira Pistia stratiotes, ba ta da wata alaƙa da ƙasa. Saiwoyinta suna reto ne a cikin ruwa kamar gemu, daga nan suke tsotsar abinci. Abin da ke hana ta nutsewa shi ne ganyenta mai taushi kamar soso, cike da ƙananan ramuka na iska, ga kuma gashi-gashi a bayansa da ke hana ruwa jiƙa shi. Wanda ya danna ta ƙasa da yatsa zai ga ta taso a bushe.

Na biyu shi ne wani ɗan ƙaramin tsiro da ake kira Azolla, wanda faɗinsa bai cika wuce farcen babban yatsa ba. Akwai nau'insa na asalin Afirka ta Yamma, kuma akan same shi a gonakin shinkafa da ruwa ya kwanta. A cikin kowane ganyensa akwai wani ɗan kogo da wata ƙwayar halitta mai suna Anabaena ke zaune. Aikinta shi ne ta kamo iskar naitirojin, wadda ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, ta mayar da ita abincin tsiro. Wato dai abin da manomi ke saye a buhun yuriya, shi wannan tsiro yake haɗa wa kansa. Manoman shinkafa a Sin da Biyetnam sun yi ƙarnuka suna renonsa a gonakinsu su binne shi a matsayin taki. Idan aka shanya shi, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, don haka ake haɗa shi da dusa a ba kaji da agwagi da kifi.

A ganinmu Azolla ce ta fi cancantar wahalar adanawa. Kainuwa tana da amfaninta: tana yi wa kifi inuwa, ana yin takin gargajiya da ita, a da ma akan ƙona ta a tace tokar a sami gishiri, sannan malamin kimiyya na bukatarta a aji. Sai dai tana ɗauke da wani sinadari mai ƙaiƙayi, saboda haka ba a cika wa dabba ciki da ɗanyarta. Ita kuwa Azolla, a wannan zamani da taki da abincin kaji suka yi tsada, kuma rashin tsaro ya sa zuwa fadama mai nisa ya zama kasada a yankin Zurmi, wanda ke da kwatarniya ɗaya ta iri a tsakar gida ba sai ya fita neman sabo ba.

Sanyi a can, fari a nan

A ƙasashen Turai da arewacin Amurka, masu lambu kan kwashe irin waɗannan tsirrai daga tafkunansu kafin ƙanƙara ta sauka, su kai su cikin ɗaki mai ɗumi, su kunna musu fitila ta maye gurbin rana. Dalili shi ne kainuwa 'yar ƙasar zafi ce. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 30 a ma'aunin Salshiyas, girmanta na tsayawa idan aka sauko wajen digiri 15, kuma daren ƙanƙara ɗaya ya isa ya kashe ta. Tsirran da asalinsu na can ne suna da tasu dabarar: wasu kan haɗa 'yan ƙananan ƙulle-ƙulle masu nauyi da ke nutsewa ƙasan ruwa, su kwanta har sanyi ya wuce, sannan su taso.

Mu a nan ruwa ba ya daskarewa. Ɗarin Disamba da Janairu yakan rage wa tsiron kuzari, ganye ya ƙanƙance, amma ba shi ne babban abokin gaba ba. Abin da ke kashe su shi ne ƙafewar ruwa da zafin bazara, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Dabarar kainuwa a nan ita ce 'ya'ya. A tsakiyar ganyenta akwai wani ɗan fure da ba kowa ke lura da shi ba, yana fitar da ƙananan ƙwayoyi da ke faɗawa cikin laka. Uwar ta bushe ta mutu, ƙwayoyin su zauna a busasshiyar laka wata da watanni, ruwa na zuwa su tsiro. Sirrin dashen Allah ke nan. Azolla ma tana da wasu ƙwayoyin haihuwa masu jure fari, amma ba kullum take yin su ba, kuma tayar da su a hannun mutum abu ne mai wuya. Shi ya sa hanyar da ta fi tabbas ita ce a riƙe tsiron da ransa.

Mazubi, ruwa da wurin ajiya

A ɗebo irin tun cikin Oktoba, sa'ad da yake kore shar, kada a jira sai ruwan kududdufi ya koma kauri. A zaɓi ƙananan kainuwa masu lafiya, domin manya sun fi saurin ruɓewa. A ɗauraye su sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta, a duba saiwoyin da kyau a cire duk wata katantanwa da ƙwanta. Wannan mataki ba na wasa ba ne: wasu ƙananan katantanwar ruwa su ne ke renon tsutsar da ke haddasa tsargiya. Saboda wannan dalili ma, mai ɗibar irin ya yi amfani da ƙwarya ko rariya mai dogon hannu maimakon ya tsunduma cikin ruwan.

Mazubi mai faɗin baki ake so, ba mai zurfi ba, tunda a saman ruwa tsiron ke rayuwa. Kwatarniya ta fi bahon roba, bahon roba kuma ya fi daron ƙarfe, wanda ke ɗaukar zafi ya dafa saiwa. Fifikon kwatarniya daidai yake da na randa: ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, a tafi da zafi. Wannan ka'ida ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yi aiki da ita a tukunyarsa ta cikin tukunya, wadda ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mai kainuwa zai iya kwaikwayonsa a bazara, ya binne gindin kwatarniyar a cikin yashi, ya riƙa jiƙa yashin safe da yamma.

A shimfiɗa ƙasar fadama kamar kaurin yatsu biyu a gindin mazubin, a zuba ruwa zurfinsa ya kai santimita 10 zuwa 15. Ruwan rijiya ya yi, muddin ba mai kanwa ko ɗanɗanon gishiri ba ne. Idan na famfo ne da aka sa wa magani, a bar shi ya kwana a buɗe. Abincinsu kuwa shi ne tsohon kashin shanu, cikin tafin hannu ɗaya, a jiƙa a tace, duk bayan mako biyu. Azolla tana da matuƙar bukatar sinadarin fosfaras, don haka akan ƙara mata takin supa ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Kada a sa mata yuriya. Ba ta bukatarsa, gansakuka kawai zai ciyar, ita kuma ta zo ta shaƙe ta.

Batun haske shi ne inda mutane da yawa ke kuskure. Jin an ce a kai tsiro cikin gida sai a sa shi a ƙuryar ɗaki. Ɗakunanmu masu ƙaramar taga sun yi duhu ƙwarai, tsiron zai yi fari, ya yi laushi, ya narke cikin 'yan makonni. Wurin da ya dace shi ne ƙarƙashin rumfar zana a tsakar gida, ko gefen katanga ta gabas, inda hantsi zai same shi amma ranar tsaka ba za ta doke shi ba. A daren da ɗari ya tsananta, a rufe mazubin da buhu ko tabarma, da safe a buɗe. Ƙurar hunturu tana toshe ƙofofin numfashin ganye, saboda haka a riƙa yayyafa ruwa kaɗan da safe a wanke ta.

Akwai wani abu da ba a gani da ido, amma yana kashe iri fiye da sanyi. A tsakiyar rani mazubi a fili zai iya rasa kusan santimita ɗaya na ruwa a yini. Ruwan ne kaɗai ke tashi, gishirin da ke cikinsa yana nan. Wanda yake ta ƙara ruwa kullum ba ya zubar da tsohon, yana tara gishiri ne sannu a hankali, har ranar da gefen ganye zai fara ƙonewa. Maganinsa shi ne a kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan kowane mako a zuba wa shuka, a maye shi da sabo.

Tsiron da kansa yana faɗin halin da yake ciki. Azolla ta koma ja ko ruwan ƙasa, to rana ta yi mata yawa, ko sanyi, ko ƙarancin fosfaras. Ba mutuwa ta yi ba, tana farfaɗowa idan an gyara. Kainuwa ta yi rawaya, abinci ko haske ya gaza. Idan kuwa suka cika mazubi har suna hawa kan juna, a rage, domin na ƙasa za su ruɓe su ɓata ruwan. Hikima ce a raba irin a mazubi biyu, a ajiye su wuri dabam-dabam.

Sauro da sauran haɗurra

Ruwan da ke zaune a gida gidan sauro ne, kuma ba daidai ba ne a sayi abincin kaji da zazzaɓin yara. Kainuwa ma tana da nata sauron na musamman, mai suna Mansonia, wanda tsutsarsa ba ta tasowa sama shan iska. Huda saiwar take yi ta shaƙi iskar da ke ciki. Azolla idan ta rufe ruwa ruf tana rage wa sauro wurin ƙwai, amma kada a dogara da wannan. A yanko tsohon gidan sauro a ɗaure bakin mazubin da shi, ba tare da ya taɓa ganyen ba. Haka kuma a ɗora mazubin a inda yaro mai rarrafe ba zai kai ba, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi. Awaki da agwagi kuwa za su cinye aikin wata shida a hantsi ɗaya.

Wani tsiro da ba a adanawa

Akwai wani tsiro mai yawo a ruwa, mai kumburarren kara da kyakkyawan fure shuɗi-shuɗi, wanda wasu ke haɗa shi da kainuwa a suna. Masana na kiransa Eichhornia crassipes, asalinsa kuma yankin Kogin Amazon ne a Kudancin Amurka. Kyan furensa ya sa aka yi ta yawo da shi a duniya. Ya shigo ruwan Badagiri ta Jihar Legas a 1984, daga baya ya bayyana a Kogin Kwara da tafkin Kainji, yana toshe hanyar jiragen ruwa, yana hana masunta jefa taru. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi tun 2016. Duk wanda aka kawo wa shi tsaraba kada ya rene shi, ya shanya shi a tudu ya ƙone.

Ko kainuwar tamu ma tana iya zama annoba idan ta sami ruwa mai taki, don haka ragowar da aka rage daga mazubi a kai ta ramin taki, ba gulbi ko madatsar ruwa ba. Idan damina ta kankama a watan Yuni ko Yuli, ruwa ya zauna a gonar shinkafa ko ramin da aka tanada, sai a juye irin da yamma, bayan an haɗa ruwan mazubi da na gonar na ɗan lokaci don kada sauyin ya gigita shi. A yanayi mai kyau Azolla tana ninka kanta cikin kwana 3 zuwa 5. Ko da kwana 5 muka ɗauka, ƙwarya ɗaya za ta zama 64 a cikin wata guda. A bar ƙwarya ɗaya a kwatarniyar, domin ambaliya takan tafi da na gona a dare ɗaya.