Hasashen Dokin da Zai Ci Tsere: Ina Ilmi Ya Tsaya, Ina Caca Ta Soma?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam dabbobi domin hawa da ƙawa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Karatunmu na wannan mako a kan tseren dawaki ne, musamman wannan sana'a ta bin diddigin gudun doki har a ce shi ne zai zo na ɗaya. Dalilin kawo maganar kuwa, duk wanda ya zaga biranen Jamhuriyar Nijar ko na arewacin Kamaru zai ga rumfunan PMU, da magidanta zazzaune a gindinsu da 'yan takardu da biro, suna lissafin dawakin da za su yi tsere a Faransa, dawakin da ba su taɓa gani da idonsu ba. Yanzu kuma abin ya shiga wayar hannu, ba ya bukatar rumfa. Idan aka yi wa ɗayansu nasiha sai ya ce shi ba ƙuri'a ya jefa ba, nazari ya yi, kuma ai Manzon Allah da kansa ya sa an yi tseren dawaki. Maganganun nan biyu gaskiya ne. Abin dubawa shi ne ko sun isa su halatta masa kuɗin da ya zuba.

Mu fara da ba nazarin hakkinsa, domin ilmi ne na gaske. A jaridun Ingila da Faransa, kafin ranar tsere, akan jera sunan kowane doki, a gefensa a sa waɗansu alkaluma, misali 3-1-2-0-1. Kowane alkalami matsayin da dokin ya zo ne a ɗaya daga cikin tserensa na baya-bayan nan, sifiri kuwa alama ce ta ya zo can ƙurar baya. Turawan Ingila suna sa tseren ƙarshe a dama, Faransawa a hagu, kuma su Faransawa suna kiran wannan jeri kiɗan doki. To, amma masani ba ya tsayawa ga alkaluma. Zai tambaya, wannan na ɗaya da ya zo, da waɗanne irin dawaki ya kara? Nawa ne nisan filin? Ƙasar busasshiya ce ko ruwa ya jiƙa ta? Gama akwai dokin da ke tashi kamar iska a kan tsandauri, amma da ya taka laka sai ƙafarsa ta mutu. Zai duba kwana nawa ya huta, da wanda zai hau shi, da nauyin da zai ɗauka, domin a yawancin tseren Turai duk dokin da ya yi nasara akan ƙara masa nauyi da darma a ƙarƙashin sirdi don a daidaita shi da sauran. Dattawanmu masu barga a Kano da Katsina da Damagaram ba su da takarda, amma abin da suke yi ke nan sa'ad da suka tsaya suna kallon doki wajen kilisa, suna lura da numfashinsa bayan ya tsaya, da yadda yake cin harawarsa, da lafiyar kofatonsa.

Shari'a ba baƙuwar wannan ilmi ba ce. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere a Madina ya kasa dawakin kashi biyu. Waɗanda aka yi wa tadmiri ya sa su gudu daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a yi wa ba kuwa daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Maruwaita sun kimanta na farko da mil biyar zuwa bakwai, na biyu da kamar mil ɗaya. Ɗan Umar kansa yana cikin mahaya a ranar. Tadmiri kuwa shi ne a ciyar da doki har ya yi ƙiba, sa'an nan a rage masa abinci zuwa gwargwadon bukata, a lulluɓe shi da barguna a ɗaki ya yi ta zufa, har tsokarsa ta tsane, jikinsa ya yi sauƙi, ya iya jure dogon gudu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi ya ƙara wa dawakin da suka cika shekara biyar nisan zango a kan ƙanana. Dubi wannan, ya kai mai karatu: horo, da shekaru, da nisan fili, su ne ainihin abubuwan da masu hasashen yau suke aunawa, ga shi an lura da su a Madina tun farkon Musulunci.

Sai dai ilmin yana da iyaka, kuma Sunna ta nuna iyakar. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba. Ran nan wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa matashi ya wuce ta. Abin ya yi wa Musulmi zafi, sai Annabi ya sanar da su, a bisa ma'ana, cewa babu abin da zai ɗaukaka a duniya face Allah ya sauko da shi. Da ana buga jarida a lokacin, da jerin alkalumanta duk ɗaya-ɗaya ne.

Irin wannan ya faru a Turai. A 1970 wani doki mai suna Nijinsky ya cinye manyan tseren Ingila uku na 'yan shekara uku: na mil ɗaya a Newmarket, da Derby na mil ɗaya da rabi a Epsom, da St Leger a Doncaster wanda ya fi su nisa. Har yau ba a sami dokin da ya sake haɗa ukun nan ba. Ya yi tsere 11 a jere ba a kayar da shi ba, ga shi kuma Lester Piggott, gwanin mahayan zamaninsa, ke kansa. A watan Oktoba na shekarar aka kai shi filin Longchamp a birnin Paris, sai wani dokin Faransa, Sassafras, ya riga shi da tazarar kai guda. Kafin wannan, a 1967, a tseren tsallake shinge na Grand National kusa da Liverpool, wani doki da ya kayar da mahayinsa ya gilma a gaban shinge na 23, dawakin da ke gaba suka cakuɗe, waɗansu suka fāɗi, waɗansu suka turje. Foinavon, wanda 'yan caca suka sa wa ɗari bisa ɗaya don raini, yana can baya ƙwarai, saboda haka mahayinsa ya sami sararin kaucewa, ya tsallake, ya ci. Jinkirinsa ne ya ba shi nasara, kuma babu takardar da za ta hango wannan. Su kansu ma'abota abin sun sani cewa dokin da aka fi sa wa rai yakan ci ne kamar sau ɗaya cikin uku.

To, yanzu sai hukunci. Asali dai, karɓar lada a kan gasa abu ne da Shari'a ta ƙuntata. Hadisin Abu Huraira da Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito ya keɓe abubuwa uku: harbi, da tseren raƙuma, da tseren dawaki. Malamai suka ce hikimar ita ce tanadin ƙarfi da aka yi umurni da shi a aya ta 60 ta Suratul Anfal, inda aka ambaci dawaki da sunansu. Watau an yi rangwamen ne domin mahayi ya goge, doki ya horu.

Daga ina ladan zai fito? Idan sarki ne ya bayar, ko wani attajiri da ba ya cikin tseren, malamai sun haɗu a kan halaccinsa. Idan ɗaya daga cikin masu tseren ne ya fitar, nan ma ya halatta, amma Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya kawo a ƙarshen Risala cewa a wurin Malik wanda ya fitar ba ya komar da abinsa aljihu: in wani ya riga shi ya ɗauka, in shi ya riga kowa sai a ba mai bi masa, in kuwa su biyu ne kawai sai mahalarta su ci. Idan dukansu biyu suka fitar domin wanda ya yi nasara ya kwashe, a nan aka yi saɓani. Sa'idu ɗan Musayyib, da Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa, sun halatta da sharaɗin a shigar da doki na uku wanda mai shi bai zuba kome ba, in ya ci ya kwashe, in bai ci ba babu tara a kansa. Shi ake kira muhallil. Malik bai yarda da wannan ba, haka kuma Shaihu Halil ya tafi a Muhtasar, cewa bai halatta ba ko da an sa muhallil. Ibnul Ƙayyim kuwa, a littafinsa Alfurusiyya, ya ga ya halatta ko babu muhallil.

A nan akwai wani abu mai kyau da ya kamata a tsaya a kansa. Waɗanda suka yarda da muhallil sun ce lalle dokinsa ya zama tsaran sauran biyun, wanda ake tsoron ya riga su. In aka jawo wani ramammen doki da kowa ya san ba zai kai ko'ina ba aka tsayar don cika sharaɗi, to, dabara ce kawai, caca tana nan yadda take. Malamanmu na Malikiyya kuma sun shardanta kada a tabbatar tun farko cewa wane zai riga wane, a kuma ayyana mafari da maƙura da dawakin da za a hau. Wa zai iya cewa wannan doki tsaran wancan ne in ba wanda ya san gudunsu na baya ba? Ashe ke nan masanin dawaki yana da gurbi a Shari'a, gurbinsa kuwa shi ne daidaita tsere don kada a zalunci kowa. Saboda wannan adalcin ne aka hana a sa wani ya bi bayan doki yana yi masa tsawa, ko mahayi ya jawo doki na biyu a gefe don ya sauya in na farko ya gaji.

Amma fa duk saɓanin nan a kan masu tseren ne, waɗanda suka ciyar da doki suka hau shi. Ba a kan ɗan kallo ba ne, wanda ya ajiye kuɗi a kan dokin wani. Shi bai koyi hawa ba, bai horar da dabba ba, dalilin rangwamen bai shafe shi ba ko kaɗan. Abin da ya rage a hannunsa shi ne yarjejeniyar da kowane ɓangare ko dai ya ci dukiyar ɗan'uwansa ko a ci tasa, bisa abin da ba wanda ya san ƙarshensa. Wannan ita ce ma'anar caca a wurin malamai, ita ce maisir da aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida suka haɗa da giya suka yi umurni da a nisance su. Gwaninta ba ta sauya siffar yarjejeniya. Mai wasan karta ma yana da gwaninta.

Ko ta fuskar lissafi ma, nazarin ba ya kai mai shi inda yake zato. Tsarin PMU, wanda aka kafa a Faransa a 1930, tara kuɗin kowa ne wuri ɗaya, kamfani ya cire rabonsa da na hukuma, a raba sauran ga waɗanda suka dace. A ƙaddara mutum 100 kowa ya zuba sefa 1,000, aka cire 25,000, saura 75,000. Takardar da ka karanta kowa ya karanta ta, saboda haka a ce mutum 60 sun zaɓi doki ɗaya. In ya ci, kowannensu ya sami 1,250, ribar 250 ke nan, in bai ci ba dubun ta tafi. Wanda ya zuba sau uku ya dace sau ɗaya ya ba da 3,000 ya karɓi 1,250. Balle tiyarse, da aka ƙirƙiro a 1954, inda ake bukatar ka faɗi na ɗaya da na biyu da na uku. Kuɗin cefane da na makarantar yara ne ke bin wannan hanya, matar gida kuwa ita ke fara sani.

Waɗansu sukan ce ai ribar tana shiga baitulmalin gwamnati a yi wa jama'a aiki. Larabawan Jahiliyya sun riga su wannan hujja. Sukan yanka raƙumi su yi caca a kansa da kibau goma, bakwai masu rabo, uku marasa rabo, waɗanda suka ci sukan raba naman ga matalauta, har suna alfahari da haka. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ba ta musa cewa akwai amfani ba, amma ta bayyana cewa zunubin ya rinjaye shi.

Saura mas'aloli ƙanana da ke biyo baya. Kallon sukuwa, da yin muhawara a dandali a kan ko kilin wane zai riga akawalin wane, ko rubuta haka a jarida domin masu sha'awa, duk babu laifi muddin ba kuɗi a tsakani. Wanda kuwa ya mai da hasashe sana'a yana sayar wa masu zuba kuɗi, ya shiga taimakekeniya a kan saɓo da aya ta 2 ta Ma'ida ta hana. Wanda ya riga ya ci kuɗin caca ya tuba, sai ya mayar wa masu su in ya san su, in bai san su ba ya zuba su cikin maslahar jama'a domin ya rabu da su.

Ga masu shirya sukuwa a garuruwanmu kuma, inda aka fi zamewa shi ne kuɗin shiga. In aka tara ladan daga abin da masu dawakin suka biya, an koma ga surar nan da Malik ya hana. Mafita ita ce ladan ya fito daga masarauta, ko hukuma, ko wani mai hali da ba shi da doki a fili, kuɗin shiga kuwa a tsayar da shi ga gyaran fili da sallamar ma'aikata. Girman lada ba shi ne matsala ba: Kofin Saudiyya da aka fara a Riyad a 2020 ladansa dala miliyan 20 ne, a ƙasar da dokarta ta hana caca. Allah shi ne mafi sani.