Darasi: Mujiya Mai Zama A Rami

A ƙauyukanmu in mujiya ta yi kuka a kan ɗaki, sai a ɗauko dutse. Domin wannan muka ga ya kamata mu kawo muku labarin wata mujiya ta ƙasashen Amurka, da irin wahalar da mutane ke sha domin su san zamanta.

Ita wannan mujiya ƙarama ce, nauyinta wajen giram 150, tana da dogayen ƙafafu. Tana fita da rana, kuma a rami take yin ƙwai. A yammacin Amurka ba ta cika haƙa ramin da kanta ba, sai ta shiga wanda wata dabba ta bari. Abincinta fara ne, da ƙwari, da ɓeraye.

A Umatilla, cikin jihar Oregon, akwai wani babban fili na soja. A shekarun baya an kafa tarkuna a wurin domin wata dabba irin dila, amma suka haɗa har da wata mai kama da dage, wadda ita ce mai haƙa ramukan. Tsofaffin ramuka suka rurrushe, babu mai haƙa sababbi. Ba wanda ya taɓa mujiya da hannu, duk da haka a shekarar 2008 ma'aurata 3 ko 4 kaɗai suka rage. Sa'an nan wani masani, David Johnson, tare da abokan aikinsa, suka soma binne rabin gangar roba, da bututu a maimakon ƙofar rami. Cikin 'yan shekaru ma'aurata suka wuce 50.

Ƙaƙa suka san wannan lissafi? Sukan sa ƙaramin tarko a bakin rami, mai ƙofar da ake shiga ba a fita. Wani lokaci sukan kunna muryar namiji da aka ɗauka a na'ura, mai gida ya zo korar baƙo, ya faɗa ciki. Sai a auna shi, a sa masa zobe mai lamba a ƙafa, a rubuta a littafi, a sake shi nan take. Baɗi in an sake kama shi, lambar za ta faɗi ko wane ne. Aikin haƙuri ne, kuma littafin nan shi ne abin da mu manoma muka fi sakaci da shi.

A Florida kuwa, wani bincike na 2004 ya nuna abin da ya sa take tara kashin shanu a bakin raminta: buzuzu take kira da shi, ta cinye.

Ba mu da irin wannan a nan, amma muna da farar mujiya mai kwana a tsofaffin gine-gine. Kada yara su kama ta. Ga aikin ƙungiyar matasa na wannan wata: ku duba ƙarƙashin inda take kwana, za ku tarar da curin gashi da ƙashi da takan amayar. Ku tsinto goma, ku jiƙa su, ku warware da tsinke, ku ƙidaya kawunan ɓerayen da ke ciki. Ku wanke hannu da sabulu, ku kawo lissafin taro mai zuwa.