Yadda Za Mu Jera Labarinmu a Intanet

A zangon da ya wuce 'yan ƙungiyar marubuta ta makarantarmu suka rubuta labari mai babi 8, muka riƙa sa shi a intanet, babi ɗaya kowace Asabar. Ran nan bayan sujada sai wata uwa daga zumuntar mata ta tare mu, ta ce, "Malam, na karanta labarin yaran nan. Amma don me kuka binne mutum tun ban san ko wane ne shi ba?" Laifin ba nata ba ne. Babi na 8 ta tarar a sama, da shi kuwa ta fara.

Ga dalilin. Manhajar da muka yi aiki da ita, WordPress, Matt Mullenweg na Amurka da Mike Little na Ingila ne suka fito da ita a 2003, kyauta ce kuma. An yi ta domin masu rubuta al'amuran yau da kullum, saboda haka sabon rubutu shi ke hawa sama, tsoho ya gangara. Ga mai neman labarin duniya wannan daidai ne. Ga ƙagaggen labari kuwa, a juye yake. Mu ɗauki labarin Yusufu cikin Littafin Farawa. Wanda ya soma da sura 45, inda Yusufu ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa, bai ga rijiyar sura 37 ba, bai ga kurkukun Masar ba, yaya zai gane kukan da aka yi a wurin?

Gyaran bai kai yadda muka ji tsoro ba. Tun 2005 WordPress tana da shafi tabbatacce, wanda ba ya bin kwanan wata. Muka buɗe guda, muka jera babi na 1 zuwa na 8 kamar farkon littafi, muka mai da shi ƙofar shiga. Kowane labari muka ba shi rukuninsa, kada babin wannan ya faɗa cikin na wancan. A ƙarshen kowane babi kuma muka sa mahaɗi zuwa na gaba. Ɗalibai, ku kula da wannan ƙwarai, gama mai karatu a waya, in ya rasa hanyar babi na gaba, ba ya nema, tafiyarsa yake yi.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne baƙaƙenmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Wani salon haruffa ba shi da su, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma. Waɗansu yaran suka ce a zubar da lanƙwasar a huta. Ba mu yarda ba. "Baƙi" da "baki" ba ɗaya ba ne, haka "ƙasa" da "kasa". Ƙungiyar SIL, wadda ta daɗe tana aikin harsuna da fassarar Littafi Mai Tsarki, ta fitar da salon Charis da Andika kyauta, dukansu suna da baƙaƙen nan. Andika muka zaɓa, don an tsara shi ne domin masu koyon karatu.

Saura ajiya. Marubutan Hausa da yawa sun sayar da littattafansu a OkadaBooks, a ƙarshen 2023 kuwa aka rufe shi. WordPress tana iya fitar da dukan rubutu cikin fayil ɗaya. Muna yin haka a ƙarshen kowane wata, mu kuma buga kofi ɗaya a takarda mu kai laburare. Babi na 1 na sabon labarin 'yan aji biyar zai fito Asabar ta farko bayan hutu.