Tun Ran Gini Ran Zane: Yadda Ake Shirya Kaye a Judo

Duk wanda ya taɓa kallon judo, ko a zauren wasanni ko a waya, abin da idonsa ke kamawa shi ne lokacin da ƙafafun mutum suka tashi sama, bayansa ya daki tabarma, tim! Wannan kuwa bai fi daƙiƙa ɗaya ba. Sauran mintuna huɗun da ake ba kowane karo, a wurin ɗan kallo mutum biyu ne kawai suka cakumi rigar juna kamar masu rigimar bashi. To a cikin cakumar nan ake gama aikin. Kafin ka ga an ɗaga mutum, an riga an kayar da shi tun daga riƙo.

Ni ɗan Birnin Gwari ne, a ajin ƙarshe na difloma. Na tashi ina kallon kokawar kaka a ƙauyukanmu, sai da na zo makarantar nan na fara judo. Abin da zan kawo muku shi ne matakai uku da ake bi a shirya kaye: riƙo, tafiya da matsi.

A ina mutum yake faɗuwa?

Mutumin da ya kafa judo sunansa Jigoro Kano. Ba ɗan Kanon Dabo ba ne fa, Bajapane ne, kuma a 1882 ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a birnin Tokiyo. A koyarwar makarantar an kasa kaye gida uku. Kuzushi shi ne gusar da abokin karawa daga tsayuwarsa. Tsukuri shi ne shigar da jikinka inda ya dace. Kake shi ne jifar kanta. Sabon ɗan wasa kan ɗokanta da na ukun ya manta biyun farko, shi ya sa za ka ga yana ta nishi yana neman ciccibar mutumin da ya kafe kamar turmi.

'Yan injiniya, ku tuno darasin cibiyar nauyi. Cibiyar nauyin mutum a tsaye tana ƙasa da cibiyarsa kaɗan. Muddin tana saitin filin da ke tsakanin tafin ƙafafunsa, ba zai faɗi ba. Da zarar ta fita daga filin, dole ɗayan biyu: ya ɗaga ƙafa ya tare, ko ya sha ƙasa. Kayen judo kusan duka a kan wannan suke: ka fitar da cibiyar, sannan ka hana ƙafar da za ta kawo ɗauki.

Ga gwajin da za ku iya yi a ɗaki. Abokinka ya tsaya ya ware ƙafa daidai faɗin kafaɗa. Ture shi daga gefe, ba zai motsa ba. Yanzu ka ƙaddara akwai layi daga ƙafarsa ta dama zuwa ta hagu, ka tura shi ta gaba ko ta baya, wato ka gitta layin. Da yatsa biyu ma sai ya yi taga-taga. Duk yadda mutum ya tsaya akwai wannan layin, kuma rauninsa na nan a gicciyensa. Kujera ce mai ƙafa biyu, inda babu ta ukun nan ake jefa shi.

Mu da muka tashi kusa da kara mun ga wannan lissafi tun ba mu san sunansa ba. Dubi yadda mahauta ke kayar da sa. Ba mai ɗaga shi, wa ma zai iya? Ɗaya ya kama ƙaho da hanci ya murɗe wuya, nauyin san ya koma gefe guda, wani ya ja igiyar da aka ɗaura a ƙafar baya, sai ka ji rim. An riƙe, an karkatar, an ɗauke madogara.

Mataki na farko: riƙo

A judo hannuwanka biyu kowanne da aikinsa. Idan kai badame ne, hannun hagu na kama hannun rigar abokin karawa wajen gwiwar hannu, ana ce masa hikite, mai ja. Na dama na kama kwalar riga wajen ƙirji, ana ce masa tsurite, mai ɗagawa da karkatarwa. Ka ɗauke su kamar hannuwa biyu a kan sitiyari: ɗaya na ja, ɗaya na turawa, jikin mutum ya juya.

Abu uku nake so ka riƙe a nan. Na farko, fara mallakar hannun da ya fi ƙarfi da shi. In badame ne, ka kama hannun rigarsa na dama ka danne shi ƙasa kafin ya kai ga kwalarka. Ka yi haka, ka kashe rabin dabarunsa. Na biyu, kada ka ƙanƙame. Ƙaramin yatsa da biyun da ke kusa da shi su ke riƙo, wuyan hannu a sake. Wanda ya sandare hannu ba ya jin motsin abokin karawa, ga shi kafin minti biyu damtsensa ya mutu. Na uku, lura da tsayin riƙo. Ƙarfi sau nisa, kamar yadda aka koya mana: in ka kama kwala ta bayan wuya, ka sami doguwar sanda ta lanƙwasa shi, amma ka buɗe hammatarka, gajere zai iya shigewa ƙarƙashinka.

Akwai kuma bambancin tsayuwa. Badame da badame, ko bahago da bahago, riƙonsu kan zo daidai, faɗan a kan hannun riga yake. Badame da bahago kuwa, hannuwansu na kwala ne ke cin karo, kowa na neman nasa ya shige ta ciki.

A kokawarmu ta gargajiya babu riga, sai wuya, damtse, ƙugu da ƙafa. Ɗan kokawa da ya shigo judo ya kiyaye wannan: hukumar judo ta duniya ta fara taƙaita kama ƙafa da hannu a 2010, ta hana shi ɗungurungum a tsaye daga 2013. Ka kai hannu gwiwar mutum, alƙali zai hukunta ka. Haka nan in ka yi ta gudun riƙo, ko ka riƙe ka ƙi kai hari, gargaɗi ne da ake kira shido, kuma na uku ya fitar da kai.

Mataki na biyu: tafiya

Mutumin da ke tsaye cak da ƙafa biyu a ƙasa ya fi kowa wuyar kayarwa. Sa shi tafiya. Duk takun da ya yi, akwai ɗan lokacin da nauyinsa ke kan ƙafa ɗaya, kuma kowane kaye da lokacinsa a cikin takun nan.

Ƙafar da ta taho za ta sauka, nauyi ya fara komawa kanta amma bai gama ba, ita ake sharewa daga gefe da tafin ƙafa. Wannan shi ne de-ashi-barai, kwatankwacin abin da ke samun mutum in ya taka ɓawon ayaba. Ka yi jinkiri kaɗan, ka daki ginshiƙi. Ƙafar da ta riga ta ɗauki nauyi, musamman in ka mayar da nauyin kan diddige, ita ake girbewa ta baya da o-soto-gari, taɗiyar waje. In ya ware ƙafafu yana jan gindi baya, ka shiga ta tsakiya da o-uchi-gari, taɗiyar ciki. In kuma ya biyo ka har nauyinsa ya hau kan yatsun ƙafa, lokacin juyawa ne ka goya shi da seoi-nage, ko ka gitta masa ƙafa da tai-otoshi.

Kai kuma taka tafiyar fa? Ja ƙafa za ka riƙa yi a kan tabarma, kada ka ɗaga ta sama, kada ka harɗe ƙafafu, kada ka haɗe su wuri guda. Kuma ka fi yawan zagaye. Wanda ke tafiya gaba da baya kawai, an san inda zai taka. In kana jan mutum a da'ira ta ɓangaren hannun rigar da ka riƙe, dole ƙafarsa ta biyo, kai kuma ka san inda za ta sauka tun kafin shi ya sani.

Mataki na uku: matsi

Ɗan'adam yana da wata ɗabi'a da ba ya iya bari: ka tura shi ya turo, ka ja shi ya ja baya. Matsi shi ne ka tayar da wannan martanin da gangan, sannan ka karɓe shi. Kana son jefa shi gaba? Fara tura shi baya. Da ka ji ya turo, sai ka saki turin ka juya, ƙarfinsa ne zai kai shi. Wannan ce manufar da Kano ya gina judo a kanta, yin amfani da ƙarfi ta hanyar da ta fi riba.

Matsin ƙwarai daga ƙugu da ƙafafu yake fitowa. Ka ɗan lanƙwasa gwiwa ka rataya nauyinka a kwalarsa, kamar an ɗora masa buhun masara a kafaɗa. Zai gaji da sunkuyo ya yunƙura ya miƙe, kuma a yunƙurin nan ƙugunsa ke buɗewa. Bakin fage ma makami ne. Filin karawa aƙalla mita 8 ne kowane gefe, kuma fita da gangan laifi ne, saboda haka wanda ka kai baki tilas ya turo ciki. Ka san inda zai nufa, saura naka.

Daga nan ake haɗa hari biyu. Ka kai taɗiyar ciki da gaske. Ya zare ƙafa ya ja baya, sannan ya turo don ya daidaita, sai ka tarbe shi da tai-otoshi. Sharaɗin shi ne harin farko ya zama na gaskiya. In wasa ne, ba zai tsorata ba, in bai tsorata ba kuwa ba zai ba ka martanin da kake jira ba.

Mai ganin girman jiki ne komai, ya duba labarin Teddy Riner na Faransa. Tsayinsa ya haura mita 2, ya ci zinaren Olamfik na ajin masu nauyi a 2012 da 2016 da 2024, kuma ya yi karo 154 a jere ba a doke shi ba. A watan Fabrairun 2020 a Paris, Kokoro Kageura na Japan, wanda bai kai shi tsayi ko nauyi ba, ya jira shi ya kawo harin uchi-mata, ya goce, harin ya wuce a banza, ya juya shi da nasa ƙarfin.

Yadda za ka fara

Kafin komai, koyi faɗuwa, wato ukemi: haɓa a ƙirji, ka daki tabarma da hannu a miƙe, kada ka tokare ƙasa da tafin hannu. Bayan haka ku ɗauki minti biyar kuna neman riƙo kawai, ba kaye. Sai minti biyar kuna yawo riƙe da juna, ɗaya na cewa "yanzu" duk lokacin da ya ji nauyin ɗan'uwansa ya koma ƙafa ɗaya. Sai uchi-komi, maimaita shiga ba tare da jifa ba, goma dama goma hagu. In kun kai ga jifa, mai kayarwa kada ya saki hannun riga, shi ke hana kan ɗan'uwansa dukan ƙasa. Duk wannan a kan tabarma, gaban mai horarwa. Don Allah ban da simintin hostel, ƙashin wuya ba ya jiran a gama jarrabawa. 'Yan'uwa mata, da ku ake: tun 1992 mata ke karɓar lambobin judo a Olamfik.

Wata magana kuma, musamman ga mu masu bin hanyar Buruku da Udawa zuwa gida. Babu kayen da ke maganin bindiga. Kada ɗamara ta ruɗi kowa ya ce zai gwada jarumta a hanya. Faɗan da ya fi ƙarfinka, ka nemi tsira da ranka.

Abin da ke hannun tsofaffinmu

Duk abin da na lissafa, 'yan kokawarmu sun san shi a jikinsu. Bambancin shi ne Japanawa sun ba kowane motsi suna, sun rubuta, sun jera shi aji-aji, har ya shiga Olamfik a 1964. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun riƙe tasu da kyau. Tun 1975 suke gasar takobi ta ƙasa, wadda Kantu na Maraɗi ya fara ci a Tawa, kuma Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023. A nan gida kokawa da dambe da langa suna cikin gasar wasanni ta ƙasa, wadda Kaduna ta karɓi baƙuncinta a 2009.

A yankinmu kuwa, shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku da Kuyambana sun cinye fiye da shanu da amfanin gona. Mutanen da suka bar ƙauyukansu, ko suke kwana da ido ɗaya, ba su da zancen kiɗan kokawa da dare. Akwai ƙannenmu da suka girma ba su taɓa ganin an share fage bayan girbi ba. A ƙarshen 2024 an yi sulhu, an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Kasuwa in ta buɗe, ciniki na dawowa da kansa. Ilimin da ke cikin ƙwaƙwalwar dattijo kuwa, in ya tafi da shi ya tafi ke nan.

Saboda haka ga aikin hutu, ga 'yan Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da duk wanda garinsu ke da tsohon ɗan kokawa. Ka je ka gaishe shi, ka ce, "Baba, in mutum ya fi ka nauyi, ina kake fara kamawa? Wace ƙafa kake jira? Me kuke kiran wannan kayen?" Ka rubuta sunayen yadda ya faɗe su, in ya yarda ka ɗauki hoton bidiyo da wayarka. In mun dawo, ku kawo wa wannan mujalla, mu jera su kusa da na Japanawa mu ga inda suka haɗu da inda namu ya fi.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kai kowa gida lafiya.