Yadda A Ke Jinyar Tsohuwar Kwamfuta Mai Linux

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, Edita ya nemi in ba shi darasi ɗaya domin shafin Hausa na wannan fitowa, na kuwa zaɓi maganar manyan tsofaffin kwamfutocin nan masu nauyi kamar buhun gero, waɗanda na ji wasunku suna kira gawa. Yawancinsu ba su mutu ba, ciwo su ke yi, kuma ciwon bai fi ƙarfin malamin makaranta ba.

Ga dalilin da ya sa maganar ta shafe ku. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta. Yaron da ya tashi a ƙauyen Nafada, ko Dukku, ko Balanga, in bai taɓa ɗora yatsa a kan kibod ba sai ran jarrabawa, to, tsoron injin kaɗai ya isa ya cinye masa rabin lokacinsa. Ku ne za ku koyar da wannan yaro. Abin da za ku tarar a makarantu da yawa kuwa shi ne irin waɗannan injuna, an kulle su a sito, ƙura ta rufe, ana jiran mai gyara daga birni wanda ba ranar zuwansa.

Irin waɗanda na ke nufi su ne kamar HP Z400 da Dell Precision T3500, duka biyu na 2009. An ƙera su ne domin injiniyoyi da masu zanen gine-gine, don haka ƙarfensu mai ƙwari ne. Sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka Ikko a matsayin gwanjo, har suka iso mana Gombe. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓi injin wannan zamani ba. Saura Linux.

Linux uwar manhaja ce, watau ita ke riƙe da injin tana ba sauran manhajoji wurin aiki. Wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyarta a 1991, aka haɗa da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya kafa tun 1983. Kowa na da iznin ya kwafa, ya karanta cikinta, ya gyara, ya ba wani, ba a biyan ko anini. Tana da iri-iri. Debian ta fara a 1993. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, daga Debian aka tsamo ta. Ni dai ga tsohon inji Debian na ke so, gama ba ta da son ado.

To, ga ka'ida ta fari, ita ce kuwa a ke yawan tsallakewa. Kafin ka zargi manhaja, tabbata ƙarfen lafiya ya ke. Na ga ɗalibi ya sake zuba Linux sau huɗu a yini ɗaya, alhali ƙura ce ta toshe fanka.

Ka cire wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, sa'an nan ka buɗe murfi. Kafin ka taɓa kome a ciki, taɓa ƙarfen akwatin da tafin hannunka. Da hunturu, lokacin da riga ke ƙara tsat-tsat in an tuɓe ta, jikin mutum na ɗauke da wutar da za ta iya kashe ƙananan sassa ba tare da ka ji kome ba. Fitar da injin waje ka hure ƙurar da bulowa, amma ka riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Ƙurar Disamba da Janairu ita ce ke kashe inji a Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Gombe ke kai wa digiri 40. Alamarta a bayyane ta ke: injin ya tashi lafiya, ya yi aiki minti ashirin, fanka ta shiga kuka, sai ya mutu. Akwatin wuta kuwa, wanda masu gyara ke ce wa fawa-fak, kada ka kuskura ka kwance shi, yana riƙe da wuta ko bayan an cire waya. Duba bayansa kawai. Wasu tsofaffin da suka zo daga Amurka suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce, in aka bar shi a 115 aka kunna, sai hayaƙi.

In ka kunna allo bai nuna kome ba, kasa kunne. Injin HP yana faɗin ciwonsa da ƙara da jar fitila, sai ka ƙirga. Biyu, zafi ne. Huɗu, wuta ce. Biyar, ram ce, watau ƙwaƙwalwar wucin-gadi da injin ke aiki a cikinta. Shida, katin hoto ne. Biyar ɗin ita na fi ji. Zare sandunan ram duka, goge haƙoransu na zinariya da robar goge fensir, mai da guda ɗaya, kunna. In ya tashi, ƙara ta biyu. Haka za ka yi har ka kama mai laifi. In za ka sayo wata, karanta takardar da ke manne a jikinta. Z400 tana cin wadda lambarta ta ƙare da harafin E, kamar PC3-10600E. Wadda ta ƙare da R ta manyan injunan ma'aikatu ce, za ta shiga ramin daidai, amma injin ba zai tashi ba. An sha sayar wa mutane ita da arha.

Yanzu mu zo ga Linux kanta. Babban makamin mai jinya shi ne filashi mai ɗauke da Linux wadda ke tashi ba tare da an zuba ta a faifan injin ba. A HP danna F9 da zarar ka kunna, a Dell F12, ka zaɓi filashin. In injin ya yi aiki sosai daga filashi, amma ya ƙi daga faifansa, ka san ciwon yana faifai ko a abin da aka zuba masa. In daga filashi ma yana daskarewa, koma ga ƙarfe. Wannan gwaji ɗaya ya raba maka aiki biyu. In kuwa injin ya ƙi ganin filashin ɗungum, galibi shirya shi aka yi domin sababbin injuna masu UEFI, waɗannan kuwa tsohon tsarin BIOS su ke bi. Sake shirya shi, in da Rufus ka ke yi ka zaɓi MBR.

Akwai kuma maganar 32 da 64. Rubuta lscpu a baƙin allon umarni, zai gaya maka. Z400 da T3500 duka 64 ne, ba su da damuwa. Waɗanda suka girme su, irin Pentium 4 na farko, 32 ne kawai. Ubuntu ta daina fitar da faifan tebur na 32 tun 2017, Debian 13 ta Agusta 2025 ita ma ba ta da na zubawa, saboda haka Debian 12 ta 2023 ita ce ta ƙarshe a gidansu ga irin waɗannan.

Ciwon da ya fi karya zuciyar sabon shiga shi ne baƙin allo. An zuba Linux lafiya, an sake kunnawa, rubutu ya gudana, sai duhu. Injin na raye, katin hoto ne bai jitu da direbansa ba. Direba a nan ƙaramar manhaja ce da ke tuƙa wani sashe na inji, sunan kuwa ya dace, gama mota mai kyau a hannun direban da bai san ta ba rami za ta. Yawancin injunan nan suna da katin Nvidia Quadro, irin FX 580 da FX 1800, kamfanin kuwa ya daina gyara direbansu, mai lamba 340, a ƙarshen 2019. Kada ka ɓata kuɗin data wajen nemansa. Sa'ad da jerin zaɓi na GRUB ya fito, danna harafin e, nemi layin da ya fara da kalmar linux, rubuta nomodeset a ƙarshensa, danna F10. Hoto zai fito, ko da shi ke manya-manya ne marasa kyau. Wannan sanda ce ta dogarawa don ka samu shiga. Da ka shiga, rubuta lspci ka ga sunan katin, ka tabbata direban nan na kyauta mai suna nouveau yana nan, ka sabunta manhajar duka, sa'an nan ka gwada tashi ba sandar. In ya ƙi, bar shi da nomodeset. Yaron da ke koyon buga haruffa bai damu da kyan hoto ba.

Ga wani kuma mai ban dariya. Intanet na aiki, amma kowane shafi ya ce ba shi da aminci, apt kuma, mai kawo manhajoji, ya ce takardarsa ba ta fara aiki ba tukuna. Rubuta date. Za ka ga injin yana zaton shekaru goma sha da suka wuce mu ke. A bisa babban allon cikinsa akwai ɗan batir kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3, shi ke riƙe agogo in an ɗauke wuta. Ya mutu. Shafukan intanet suna da takardun shaida masu ranar farawa da ranar ƙarewa, injin da ke zaune a 2009 kuwa dole ya ga takardar bana kamar ta jabu. Masu gyaran agogo a babbar kasuwa suna sayar da batirin. Sa sabo, shiga BIOS da F10 a HP ko F2 a Dell, gyara rana da sa'a. In kuma injin na da Windows da Linux tare, ka ga agogo na saɓawa da awa ɗaya daidai, ba batir ba ne. Linux tana ajiye agogon ƙarfe bisa lokacin duniya, Windows bisa na gida, mu kuwa muna gaba da lokacin duniya da awa ɗaya.

Ɗaukewar wuta ba sai na ba ku labari ba. In ta tafi injin na tsakiyar rubutu a faifai, wani lokaci sai ya tashi ya tsaya a baƙin allo mai kalmar initramfs. A nan ne a ke yin ɓarna, gama mai gaggawa sai ya goge kome ya zuba sabuwa, sakamakon jarrabawar zango guda ya tafi. Karanta abin da ke sama kaɗan, injin ya faɗi sunan yankin da ya rikice, misali /dev/sda1. Rubuta fsck -y /dev/sda1, ka bar shi ya gama, ka rubuta exit. Sau da yawa shi ke nan.

Amma in abin ya yawaita ba tare da an ɗauke wuta ba, faifan ne ke tsufa. Sa smartmontools, rubuta sudo smartctl -a /dev/sda, ka duba layuka uku. Na 9 yana faɗin awoyin da faifan ya yi yana juyawa. Shekara guda awa 8,760 ce, sai ka yi lissafi. Na 5 yana ƙirga gurabun da suka lalace aka musanya, na 197 waɗanda ke jiran hukunci. In biyun nan sun bar sifiri kuma suna hawa, kwashe aikin mutane zuwa filashi yau, kada ka ce gobe. In makaranta za ta iya sayen abu ɗaya tak, ta sayi faifan SSD. Ban san wani abin da ke mai da tsohon inji yaro kamarsa ba.

Daskarewa ba dalili kuwa, a gwada ram da Memtest86+, a bar shi ya zagaya ko sau ɗaya cikakke. Jan layi ɗaya ya isa shaida. Nauyin tafiya, a rubuta free -h a ga abin da ya rage, a sa tebur marar nauyi irin Xfce ko LXQt, a hana yara buɗe shafi goma a lokaci guda.

Abin da na fi so ku koya shi ne karanta littafin da Linux ke rubutawa da kanta. Ba ta ɓoye ciwo. sudo dmesg yana nuna abin da zuciyarta ta gani tun tashi, sudo journalctl -b -1 kuma yana nuna na tashin da ya wuce, wanda ya ƙare da mutuwa. Je ka layukan ƙarshe. Turancin ba mai wuya ba ne, ɗalibin da ya iya karanta takardar magani zai iya. Ka kwafi layin yadda ya ke, harafi da harafi, kafin ka nemi taimako, gama "ta ƙi tashi" ba bayani ba ne. Kuma canji ɗaya a ke yi a gwada. Wanda ya canja abu uku injin ya warke bai san wanne ne maganin ba. Kowane inji a ba shi lamba da shafinsa a littafin aji, a rubuta rana, da alama, da abin da aka yi.

Tun da shafin Hausa ne, bari in ƙara wannan. Linux tana da tsarin kibod na Hausa ta Nijeriya a cikinta, sai ka zaɓe shi a wurin saitin kibod, haruffan DejaVu da Noto kuma suna da ɓ da ɗ da ƙ. Ba sauran hujjar buga wa yara takarda a rubuta kasa inda a ke nufin ƙasa.

Akwai injin da ba ya jinyuwa. In ka duba babban allo ka ga 'yan gwangwanayen nan na kafasita sun kumbura a ka, ko sun zubo da tsatsa, sai mai dalma ya gani, in ya ce a'a, a cire ram da faifai da fanka da katin hoto a ajiye wa 'yan'uwansa.

'Yan aji biyu, ranar Laraba kowane mutum uku za su ɗauki inji ɗaya daga layin bayan ƙofa. Ku zo da filashi mai gigabait 8, da sukudireba, da robar fensir, da littafin rubutu.